Patawali Kwana Arba'in

Kubang Rawa, 28 ga Shawwal

Zuwa ga Yaya Lijah, matar birni, a Kelang.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa. Ni ne Seman, jikan Tok Wok, wanda kika ce ko cewa ya yi gari ya waye sai kin leƙa waje kin gani. Muna nan ƙalau. Tok tana nan da ƙafarta, sai ciwon gwiwa, shi ma in gaisuwar mutuwa za a je yake tashi, in haihuwa aka kira ta karɓa har ni ba na cim mata. An gama dashen shinkafa, ruwa ya fara sauka. Birin Pak Yusoh mai tsinko kwakwa ya cije ni a ƙauri, wai don na miƙa masa ɓawon ayaba na naɗe kamar da abu a ciki. Dabba ma ba ta san wasa ba yanzu.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Na karanta wa Tok a bakin tsanin gida. Da na zo inda kika ce zazzaɓin da mijinki Yaya Deraman ya kwaso a dajin katako ya dawo masa karo na uku, yana makyarkyata har gado na motsi, kuma shugaban 'yan dako na tashar jiragen ruwa ya ce in ya ƙara fashi zai ba wani gurbinsa, sai ta ce, "Ƙato har ƙato, sauro ya kayar. Seman, ɗauko adda."

Muka zaga bayan rijiya, gindin mangwaron nan da patawali, tsiron maganin nan mai ɗaci, ya nannaɗe har sama. Na kai hannu kan na kusa, ta buge ni. "Ba wannan ɗanyen ba, ruwa ne zalla. Tsohon can na ciki, mai kaurin yatsa." Tsohon kuwa cikin gidan cinnaku yake. Ga shi nan na naɗe miki a ganyen ayaba.

Ga yadda za a yi. Ki yanki taƙi guda, ki wanke, ki daddatsa, ki tafasa da ruwa kofi uku har ya koma ɗaya. Ya sha rabi da safe, rabi da yamma, kwana arba'in cur babu fashi. Kada ya bi da sukari ko zuma, in ya bi ya ɓata. Kin san Tok gajeriyar magana gare ta, ni na shimfiɗa miki yadda za ki gane.

Ki gai da mai jiki. Ki ce masa yaron nan da ya miƙa wa jarida ranar Sallah a gaban 'yan matan gidan liman, ya ce ya karanta wa jama'a da ƙarfi, alhali ya san boko bai taɓa ratsa idonsa ba sai ajami, shi ne yau ya sha cizo don ya samo masa magani. Ban riƙe shi ba. Mu 'yan karatun Alƙur'ani haƙuri aka koya mana, da bulala.

Ƙaninki,
Seman


Kelang, 8 ga Zulƙida

Seman,

Amin wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin lafiyar Tok, ka gaishe ta. Birin Pak Yusoh kuma Allah Ya yi masa albarka.

Ƙunshinka ya iso, yana kan kabad, ban taɓa shi ba. Tok ita ta riƙe ni da uwata ta rasu, ko ƙasa ta ce in jiƙa wa mijina zan jiƙa. Hannun da saƙon ya biyo ne ban yarda da shi ba. Ka manta ranar bikina? Da aka zaunar da mu a gaban jama'a in ba ango lomar shinkafa da hannuna, wa ya zuba ruwan patawali a butar wanke hannu? Deraman ya haɗiye yana murmushi hawaye na zuba, danginsa na cewa tun yau ta fara. Bara kuma ka aiko min alewar kwakwa, na kira maƙwabta na buɗe a gabansu, laka ce.

Abin nan da ka aiko babu ganye ko ɗaya, ya yamutse kamar tsohuwar igiya. Ni rabona da ganin patawali tun ina yarinya. Ta ina zan san ba saiwar nan ba ce da kuke dakawa ku zuba a rafi kifi ya taso? Ban ce za ka kashe mutum da gangan ba. Amma kai ba ka san inda wasa yake tsayawa ba. Kuma "ban riƙe shi ba" ɗin nan sau uku na karanta ta. Wa ya tambaye ka?

Ƙwayoyin asibiti yana sha, zazzaɓin ya tafi ya dawo. Aikin tashar nan shi ne cinmu, shi ne hayar ɗakinmu. Don haka ka rubuto min alamomin da zan gane shi da idona, sa'an nan ka rantse. Ba rantsuwar bakin kasuwa ba, irin wadda malaminku ya ce tana cin mai ita.

Lijah


Kubang Rawa, 15 ga Zulƙida

Yaya Lijah, alƙaliyar Kelang,

Sallama. Muna lafiya, sai dai zuciyata da kika fasa. In shiga cinnaku, in biya kuɗin kan sarki, a ce mini ɗan guba. Ba komai.

Wallahi tallahi, na rantse da Wanda Ya saukar da Littafi, abin da ke kan kabad ɗinki patawali ne, daga mangwaron bayan rijiya, Tok ce ta nuna da yatsanta. In na musanya shi da wani abu, Allah Ya mantar da ni abin da na haddace.

Ga alamu, tunda birni ya wanke miki kai. Ki duba jikinsa, ƙuraje ne tun daga kai har gindi kamar bayan kwaɗo. Ba shi da ƙaya, ba shi da 'yan hannuwan kamu irin na kabewa, da jikinsa yake naɗe bishiya. Fatarsa siririya ce, ki sa farce za ta ɗago, ƙarƙashinta kore shar. Ki karya, ruwansa garau yake. Saiwar kifi kuwa in an daka ta fari take fitarwa kamar madarar kwakwa. Ganyen na cire ne don nauyi, amma ga guda na sa a cikin takardar nan: faffaɗa, mai siffar zuciya, da dogon wuya.

In duk wannan bai ishe ki ba, ki yanki guntu ki rataya a ƙusa, babu ƙasa babu ruwa. Ki ba shi mako biyu, zai sako wani zare siriri yana neman ƙasa. Tok ta ce duk daji babu mai taurin rai kamarsa, ni na ce ba ta zauna da ke ba ne.

Gwaji mafi sauƙi dai, ki lasa. Shi aka shafa wa mama aka yaye ki, shi aka dafa aka yi miki wanka da kika yi ƙazuwa. In harshenki bai gane tsohon maƙiyinsa ba, ki jefar. Ni da aka shafa min sai na lashe na nemi ƙari, shi ya sa kika gan ni haka.

A gai da mai jarida.

Seman


Kelang, 1 ga Zulhajji

Seman,

Gaisuwa gare ku, da fatan ruwa bai yi ɓarna ba, don an ce kogi ya cika.

Na lasa. Allah Ya isa tsakanina da kai, har washegari ko shayi ɗaci yake min. Na kuma kai wa Mbok Sarmi, wata tsohuwa 'yar Jawa mai tallar jiƙe-jiƙe a layinmu. Ta juya shi ta ce shi ne, mai kyau ma kuwa. Na zarge ka a banza, ka yafe ni. Wannan ne karo na farko da na faɗa maka haka, ka adana takardar.

Yau kwana goma da farawa. Zazzaɓi ya sauka tun kwana na huɗu, ya koma aiki. In ka ga yadda yake shan abin nan sai ka tausaya masa. Ƙato ya riƙe kofi yana kallona kamar ɗan yaye, yana cewa, "Lijah, ko 'yar zuma a bakin cokali?" In ce babu, Tok ta hana. Wani lokaci har hanci nake toshe masa.

Naka ya ƙare, yanzu wajen Mbok Sarmi nake saye. Ta ce wai taƙi guda kullum bai yi yawa ba? Na ce mata kakarmu shekara hamsin tana wannan aiki. Abinci ne dai ba ya ci sosai, ko budu, tsimin kifin nan da kuka aiko, ba ya yi masa daɗi.

Ka yi wa Tok godiya. Barkanku da Sallah tun yanzu.

Lijah


Kubang Rawa, 17 ga Zulhajji

Yaya Lijah,

Sallama. Muna raye. Ruwa ya shanye hanya mako biyu, a kan tudun masallaci muka yi layya, kaji na kwana a kan rufi. Sai yau da hantsi kwale-kwalen wasiƙu ya shigo.

Ki daina ba shi. Yau, ba gobe ba. Ki zubar da na cikin tukunya.

Ga abin da ya faru. Ina karanta wa Tok wasiƙarki tana tsince shinkafa, ina ta dariyar toshe hanci, bakina ya riga hankalina, na karanta "yau kwana goma". Ta ɗago.

"Kwana nawa?"

Na ce, "Goma, Tok. Ai da ke nan, yanzu ya wuce ashirin."

"Wa ya ce mata goma?"

Na hau ninke wasiƙar.

"Ɗan nan, faɗa min abin da ka rubuta mata. Kada ka tsallake ko ɗigo."

Na faɗa mata. Na zaci muciya za ta ɗauka, har na kare kaina. Ba ta ɗauka ba. Faifan ya zame daga cinyarta, shinkafa ta bi ta tsagin katakon daɓe ta zube wa agwagi a ƙarƙashin gida, ba ta ko kalla ba.

Yaya, abin da Tok ta ce ran nan shi ne: gaɓar yatsa biyu, sau ɗaya a rana, kwana uku. In zazzaɓi ya yi gardama, bakwai, daga nan a tsaya. Kuma ya bi da zuma in yana so. Taƙin nan, da safe da yamma, da arba'in, da hana zuma, duk nawa ne. So nake ya ɗanɗana, kamar yadda na ɗanɗana ranar jarida. Wallahi na ɗauka a harshe ɗaci yake tsayawa. Tun muna yara ana ce mana mai ɗaci shi ne magani, na ce to in ya yi yawa ai lafiya ce ta yi yawa.

Tok ta ce, "Patawali baƙo ne. Kwana uku ana marhabin da shi, ran bakwai a raka shi. In ya zauna, hanta yake ci." Ta ce ta taɓa ganin wani mai tsagar itacen roba da ya sha wata biyu don ƙarfin jiki, ya koma rawaya kamar an tsoma shi a kurkum, kuma ita ta rufe masa ido.

Rantsuwata a kan itacen na yi, ba a kan awon ba, kuma ina sane na yi hakan. Wannan tsakanina da Allah ne. Ke dai ki daina, ki kai shi asibiti su duba shi.

Seman


Kelang, 22 ga Zulhajji

Seman,

Sannunku da ruwa. Ka gai da Tok, in ma ta san kana rubuto min.

Ka iya. Wallahi ka iya, har da agwagi da faifai. Na kusa zubar da tukunyar, sai na zauna na yi tunani irin naka. Yau kwana talatin da ɗaya, saura tara. In na tsayar yanzu, nan da mako sai ga wata takarda: ai wasa nake, Tok ta ce tunda an yi fashi sai a faro daga farko. Kai kuma ka zauna a gindin kwakwa kana ba samari labari, yadda ka sa mai jarida shan ɗaci kwana saba'in. Ƙarya na yi?

Ka gaya min, cikin wasiƙun nan biyu wacce ce ƙaryar? In ta farko ce, wadda ka rantse a kanta, don me zan yarda da ta biyu da ko rantsuwa babu? Hannu ɗaya ne ya rubuta su. Kuma arba'in ai ba baƙon adadi ba ne a bakin Tok, komai nata arba'in ne.

Zazzaɓi rabonsa da shi mako huɗu. Bai yi fashin aiki ba sai shekaranjiya da jiya, gajiya ce da amai. Maƙwabta sun ce ragowar ciwon ne ke fita. Ba zan tsaya a bakin gaɓa in koma tsakiyar kogi don kai ka sami abin dariya ba.

In da gaske maganar Tok ce, ta je wurin liman ya rubuto da hannunsa. Ban da wannan, kada ka ƙara ɓata kuɗin kan sarki.

Lijah


Kubang Rawa, 26 ga Zulhajji

Yaya,

Liman bai dawo daga Makka ba. Ga yatsan Tok nan ta dangwala a ƙasan takardar da baƙin tukunya, na san za ki ce nawa ne. Na ba Pak Yusoh takardar nan ya kai tashar jirgin ƙasa ya damƙa wa ɗansa mai aiki a jirgi, don ta riga ta gidan waya.

Kada ki yarda da ni. Ban cancanta ba. Ki fito da shi bakin ƙofa da rana tsaka, ba a hasken ɗaki ba. Ki ja fatar idonsa ƙasa, ki dubi farin. Ki sa ya yi fitsari a kwalba ki ɗaga. Ki danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. In farin idon fari ne, ki ci gaba, ki tsine min har abada. In rawaya ne, fitsarin kuma kamar shayin da ya daɗe a wuta, kada ki tsaya neman mayafi.

Seman


Kelang, 6 ga Muharram

Seman,

Ina rubuto maka ne a kan bencin asibiti. Yana da rai.

Ba yatsan Tok ne ya sa na duba ba. Takardarka ce, babu gaisuwa, babu zolaya ko ɗaya. Tunda aka haife ka ban taɓa jin ka yi magana biyar ba ka tsokani wani ba. Na ja shi bakin ƙofa yana ta mita. Seman, ɗakinmu duhu gare shi, taga ɗaya ce, ga shi kullum da asuba yake fita. Mako nawa ina kallon mutumin nan ban gani ba. Idonsa kamar gwaiduwar ƙwai.

Likita ya tambayi abin da yake sha, na nuna masa, na faɗi yawan. Ya cire tabarau ya dube ni, abin da ya faɗa ba zan maimaita ba. Ya ce hantar za ta iya farfaɗowa, amma wata uku ba zai ɗaga ko bokiti ba. An riga an ba wani gurbinsa a tasha. Ni na toshe masa hanci, da hannun nan da nake rubutu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Deraman bai san kai ne ba. Ya ɗauka Tok ce. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa, "Tsohuwar nan tun can ba ta so na, ta ga hanya." Rabin masu zuwa kuwa 'yan ƙasarmu ne da ke dako a nan, kuma suna rubutu gida. Kafin wata ya mutu za a ji a Kubang Rawa cewa maganin Tok Wok ya kusa kisa. Ka san babu mai ciki da za ta ƙara aika mata.

Ni ba zan gaya masa ba. In daga bakina ya fito, cewa zai yi ina kare tsohuwa ne da ɗan da kowa ya san mahaukaci ne. In kuma ya yarda, ka san 'yan'uwansa huɗu, ka san hannunsa. Na gaya maka yadda abin yake. Sauran ya rage naka.

Lijah


Kubang Rawa, 11 ga Muharram

Zuwa ga Yaya Deraman.

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ban taɓa rubuto maka ba, kuma ba a sa ni ba.

Tok ba ta cuce ka ba. Gaɓar yatsa biyu ta ce, kwana uku, har da zuma. Ni Seman na mayar da shi taƙi guda kwana arba'in, da alƙalamina, ina dariya lokacin da nake rubutawa. Yaya Lijah ta zarge ni tun farko, na yi mata rantsuwar da ta rufe mata ido. Ita ma ba ta da laifi.

Jiya Juma'a, bayan an sallame, na miƙe a masallaci na faɗi wannan a gaban kowa, har da yayanka Semail. Leɓena na sama bai koma daidai ba tukuna daga naushinsa. Ina roƙonka, duk wanda ka gaya wa sunan Tok, ka kira shi ka ba shi nawa a madadinsa. Tok kuwa ba ta yi min magana tun ranar da ta gano abin da na yi. In na ɗebo ruwa sai ta zubar ta ɗebo wani, da gwiwar nan tata.

Ranar Alhamis zan hau jirgi. Ban san hanya ba, ba na iya karanta allunan tasha, amma ina da baki. In shugabanku zai karɓe ni, zan ɗauki buhu a tasha in riƙa kawo wa Yaya abin da aka ba ni har ka miƙe. In ba ka son ganina, a masallacin layinku zan kwana.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka mare ni ranar da na iso. Ka bari sai ƙarfinka ya dawo. In ka yi yanzu ba zan ji ba, ni kuwa so nake in ji.

Seman